Kofin 1967: Hukunci A Bayan Idon Kotoko

Yau maganar ƙwallon ƙafa na kawo muku, na kuwa sani akwai dattijon da zai ɗaga kai ya ce, me ya haɗa kifi da kaska? To, a yi mini haƙuri a ji. Ƙwallo dai wasan samari ne, amma abin da ya auku a ƙarshen gasar zakarun Afirka ta shekarar 1967 shari'a ce sosai, shari'ar saƙo da ɗan aike da yanke hukunci a bayan idon mutum, irin wadda kowane mai fatauci ya taɓa gani a zauren alƙali ko a rumfar fatoma. A wannan shekara aka ɗauki kofi mafi daraja na ƙungiyoyin Afirka aka miƙa wa mutanen Kwango, alhali kuwa ba su rinjayi abokan karawarsu na ƙarshe ba ko sau ɗaya. Ni a ganina hukuncin nan ɗanye aka sauke shi, zan kuwa faɗi dalili.

Sai mu fara daga tushe saboda wanda bai sani ba. Hukumar ƙwallo ta Afirka a Hartum aka kafa ta cikin 1957, a zamanin da muke magana kuwa ofishinta yana Alƙahira. Cikin 1964 ta ƙago wata gasa, kowace ƙasa ta aiko da ƙungiyar da ta zama zakara a gida, a yi ta karawa ana zubar da wanda aka kayar har a saura biyu. Ta farko an ƙare ta a Ankara, babban birnin Gana, cikin Fabrairu na 1965, inda Oryx ta Duwala ta ci Stade Malien ta Bamako 2 da 1. Ta 1966 Stade ta Abijan ta ɗauka. Ashe ke nan ta 1967 ita ce ta uku, abin yana sabo, hukumar ma tana koyon tafiya ne. Yadda ake yi shi ne ƙungiya biyu su kara sau biyu, sau ɗaya a ƙasar wannan, sau ɗaya a ƙasar waccan, sa'an nan a haɗa ƙwallayen da kowa ya ci a ga wanda ya fi.

Waɗanda suka kai ƙarshe su ne Asante Kotoko ta Kumashi da TP Englebert ta Lubumbashi. Kumashi ba sai an kwatanta wa masu karatunmu ba, gama kakanninmu sun sha bin hanyar Gwanja da jakuna neman goro, har yau kuwa in ka shiga Zangon Kumashi Hausa za ka ji. Kotoko an kafa ta cikin 1935, Sarkin Tonawa shi ne ubanta, sunan kuwa da bakinsu beguwa ke nan. Englebert ta fito daga garin haƙar jan ƙarfe na jihar Katanga. Limaman mishan suka kafa ta cikin 1939, daga baya ta ari sunan wani kamfanin tayar mota da ke taimakonta. Ita ce yau ake kira TP Mazembe, masu riga baƙi da fari, waɗanda ake yi wa laƙabi da hankaki.

Kowaccensu da irin hanyar da ta biyo. Kotoko ta fid da Stade ta Abijan mai riƙe da kofin, kāna ta fid da Djoliba ta Mali. Englebert ta fid da Saint George ta Habasha a wasan kusa da na ƙarshe, amma tun can farko sai da ƙuri'a ta cece ta, domin ta yi kunnen doki da Abeilles ta Kwangon Barazabil, aka jefa ƙuri'a ta faɗo mata. A riƙe wannan, za mu komo gare shi.

Cikin watan Nuwamba aka yi karon farko a Kumashi, aka tashi 1 da 1. Aka koma Kinshasa, wadda ke nesa da Lubumbashi da kusan mil 1,000, aka yi na biyu, har da ƙarin lokaci, aka tashi 2 da 2. Jimla 3 da 3, ba wanda ya ka da wani. Sai hukumar Afirka, ta hannun babban magatakardanta Murad Fahmi, mutumin Masar, ta sa ranar karo na uku, 27 ga Disamba, a Yawunde ta Kamaru, watau ƙasar da ba ta kowa ba. Ranar ta zo, Kotoko ba ta zo ba. Aka rubuta Englebert ta ci kofi. Shi ke nan.

Sa karo na uku daidai ne, ban da ja a kansa. Ƙuri'a tana da amfani in za a raba gona ko kayan gādo tsakanin mutanen da haƙƙinsu ɗaya, don kada wani ya ce an zaɓa wa wani mai kyau. Amma gasa ba rabo ba ce, gwaji ne na wa ya fi wani, ƙuri'a kuwa ba ta san gwani ba. In an yi haƙuri da ita a zagayen farko saboda tsadar jirgi, bai kamata a ba da kofin Afirka duka da ita ba. Nan hukuma ta yi tunani.

Inda magana take shi ne dalilin rashin zuwan Kotoko, a nan kuwa ruwaya biyu ce a littattafan tarihin ƙwallo. Wasu sun rubuta cewa Kotoko ce ta ƙi yarda da karo na uku. Wasu sun rubuta cewa hukumar Afirka ta aika wa hukumar ƙwallo ta Gana, ita kuwa ba ta isar da saƙon ga Kotoko ba, har ranar ta wuce mutanen Kumashi ba su da labari. In ta biyun ce gaskiya, to abin ya kai a riƙe baki. Tsakanin karon Kinshasa da ranar Yawunde kimanin wata guda ne. Tsakanin Ankara da Kumashi bai kai mil 200 ba, a lokacin ga jirgin ƙasa yana bin hanyar tun 1923, ga mota, ga gidan waya. Huhun goro yana fita Kumashi ya isa Kano cikin kwanakin da ba su kai haka ba, bai kuwa bushe ba.

To, malamai, ku kuka san yadda alƙali ke yi. Ba ya yanke wa mutum hukunci don kawai an ce an aika masa sammaci. Sai ya kira ɗan aiken ya tambaye shi, ka same shi? Ka ba shi hannu da hannu? Me ya ce? In wanda ake ƙara bai zo ba, sai a sake aikawa, a ɗaga masa kwanaki gwargwadon nisan garinsu, kafin a yanke kuma a tambaye shi ko yana da sauran magana. Ba don alƙali yana tsoronsa ake wannan ba, sai don rashin zuwa iri biyu ne, akwai na taurin kai akwai na rashin sani, daga nesa kuwa kamarsu ɗaya. Wanda ya hukunta su da hukunci ɗaya lalle wata rana zai zalunci wani. Hukumar Afirka ta ga rashin zuwa, ta ba da kofi. Da ta tsaya ta kira hukumar Gana da shugabannin Kotoko ta ji ta bakin kowa, ta kuma bayyana wa duniya abin da ta samu, da ruwaya ba ta rabu biyu har yanzu ba.

Na san abin da attajirai za su ce, magana ce kuwa mai nauyi. Za su ce ai saƙo in ya isa ga wakili ya isa ga mai shi. In ka sa yaronka a Ikko yana karɓar maka kaya, aka gaya masa ranar zuwan jirgi ya manta, kuɗin ajiya a kanka yake, ba a kan mai jirgi ba. Gaskiya ne. Amma ku dubi bambanci. Yaronka kai ka zaɓe shi, kai ke biyansa, in ya cuce ka ka kore shi ka sa wani. Kotoko ba ita ta zaɓi hukumar Gana ba, ba ta kuwa da ikon canja ta. Ƙa'idar ƙwallo ce ta ce hukumar nahiya da hukumar ƙasa take magana, hukumar ƙasa kuma ita ke magana da ƙungiya. Ke nan wanda ya shimfiɗa hanyar saƙon shi ne mai aikawa, ɗan aiken nasa ne, ba na wanda aka aika wa ba. In dillalin da sarkin kasuwa ya ɗora maka dole ya ɓad da takarda, ba a ce kai za ka yi hasarar kayanka. Shi za a kama.

Wani kuma zai ce, in ba a hukunta wanda bai zo ba, ai duk wanda ya ji tsoron abokin karawarsa sai ya zauna gida ya ce bai ji ba. Wannan ma na yarda da shi, dokar nan ba ta da makawa. Mun ga inda ta yi aiki daidai. Cikin 2019, a wasan ƙarshe na wannan gasa a ƙasar Tunis, Wydad ta Maroko ta jefa wa Espérance ƙwallo alƙalin wasa ya soke, suka nemi a duba na'urar maimaita hoto aka tarar ba ta aiki, suka ƙi ci gaba da wasa. Bayan doguwar shari'a, har gaban kotun wasanni ta duniya, kofin ya tabbata ga Espérance. Mutum yana iya tausaya wa Wydad, amma suna cikin fili, da idonsu da kunnensu, aka ce su buga suka ƙi, dubban mutane na kallo. Ƙi ya tabbata. Abin da nake nema a 1967 ke nan, a tabbatar da ƙi tukuna. In ruwaya ta farko ce ta inganta, Kotoko ta ji ta ƙi, to ta sayar da haƙƙinta da kanta, ba mai yi mata kuka. In ta biyu ce, abin da ya dace shi ne a ɗora wa hukumar Gana duk abin da Englebert ta kashe na shirin tafiya, a ƙara mata tara, a sa wata rana.

Ko kuwa lokaci ne babu? An san gasar ƙasashen Afirka tana tafe a Habasha cikin Janairu na 1968, 'yan wasan ƙungiyoyin nan biyu da yawa kuwa suna cikin waɗanda ƙasashensu za su tafi da su. Amma kofi ba tumatir ba ne da zai ruɓe in ya kwana. Hukumar da kanta ta nuna haka, gama gasar farko a Fabrairu aka ƙare ta, ta 1969 sai cikin Janairu na 1970, ta 1970 kuma cikin Janairu na 1971. Abin da aka iya yi sau uku, me ya hana a yi shi a wannan karo? Sauri dai ya haifi nawa.

Kada wani ya ɗauka ina zargin Englebert. Ba su ɓoye takarda ba, ba su hana kowa zuwa ba, an ba su sun karɓa. Ƙarfinsu kuwa ba abin musu ba ne. Cikin Janairun nan na 1968 Kwango ta ci Gana 1 da nema a wasan ƙarshe a Adis Ababa, wanda ya jefa ƙwallon kuwa, Pierre Kalala, ɗan Englebert ne. A 1968 suka sake ɗaukar kofin ƙungiyoyi bayan sun ka da Étoile Filante ta Lome, suka kai wasan ƙarshe shekara huɗu a jere. Mai yiwuwa ne ƙwarai da an buga a Yawunde su za su ci. Don haka nake ganin su ma an rage musu wani abu. Mutumin da ke da ƙarfin biyan kuɗin doki aka ba shi kyauta a gaban jama'a, duk ran da ya hau sai an sami mai cewa ai ba saye ya yi ba.

Haka kuma ban bi masoyan Kotoko da ke cewa su suka ci tun a Kinshasa ba, wai don sun jefa biyu a gidan mutane, Englebert kuwa ɗaya ta jefa a Kumashi. Lalle akwai doka mai fifita ƙwallon da aka ci a waje, Turawa sun soma aiki da ita cikin 1965 suka bar ta cikin 2021. Amma ba da ita aka yi gasar Afirka ta 1967 ba, ba a kuwa auna hatsin bara da mudun bana. Haƙƙin Kotoko karo na uku ne, ba kofi ba.

Saura magana ɗaya da nakan ji, wai ai an rama musu. Abin da ake nufi shi ne gasar 1970, sa'ad da ƙungiyoyin nan biyu suka sake haɗuwa a ƙarshe. A Kumashi aka tashi 1 da 1 kamar dā, mutane suka ce Kotoko ta tafi Kinshasa kai kanta mahauta. Sai ga shi cikin Janairu na 1971, a gaban Shugaba Mobutu da jama'arsa, Kotoko ta ci 2 da 1. Abukari Gariba da Malik Jabir suka jefa ƙwallayen, Robert Mensah yana tsaron gida, Ibrahim Sunday kuma, wanda aka zaɓa gwanin Afirka na 1971, yana cikinsu. Abin farin ciki ne, amma ramuwa ba ta shiga nan ba. Ribar da mutum ya ci a fataucin bana da guminsa ba ta zama biyan bashin da yake bin wani tun shekara uku. Kofin 1970 Kotoko ta saye shi da ƙafarta, haka na 1983 da ta karɓa a hannun Al Ahly ta Masar. Na 1967 kuwa yana nan a lissafin Mazembe, shi ne na farko cikin biyar da suka tara zuwa 2015, karo na uku da aka sa wa rana a Yawunde kuma har yau ba a buga shi ba.