Alƙalamin tawada ko bik?

Ƴan uwa mata, wasu sakatarorinmu na Tasawa da Mayahi suna tambaya kan alƙalamin nan na Sin mai shan tawada, irin su Hero, ko ya dace da littafin asusu.

Daɗin rubutu kam, akwai shi. Ba ya son dannawa, don haka hannun mai koyon baƙi a ajin yaƙi da jahilci ba ya saurin gajiya. In tawada ta ƙare sai a ƙara, ba a yar da shi kamar bik. Amma kar wadda ta ɗura masa tawadar allo! Ƙaron ciki zai toshe bakinsa.

Sai dai ni ban yarda a rubuta bashi da shi ba. Yawancin tawadar kwalba ruwa na wanke ta. Damina ta zo, ɗaki ya yi yoyo, jika goman da wance ta ranta ta koma shuɗin tabo, wa zai raba gardama ranar rabo? Da aka fara Mata Masu Dubara a 1991, da ka iyayenmu ke riƙe lissafi, gaban shaidu. Mu ci gaba da faɗin zubi da ƙarfi, sakatariya ta rubuta da bik, a sa kaye cikin leda kafin a kulle akwati.