Na'urar Gane Gajiyar Direba Da Masu Motocin Sufuri

Tun daga watan Yulin 2024, dokar Tarayyar Turai ta wajabta cewa duk sabuwar motar da za a sayar a ƙasashenta, ƙarama ko babba, ta kasance tana ɗauke da na'urar lura da gajiyar direba. Wannan na'ura reshe ce ta fasahar kwamfuta mai lura da halin da mutum yake ciki domin ta daidaita aikinta da shi. Kamfanin Volvo ya fito da irinta a 2007, wadda ke kallon layukan titi ta kyamara. Shi kuwa Mercedes-Benz, a 2009 ya kawo tasa mai auna yadda direba ke murza sitiyari. Da zarar ta ga alamar gyangyaɗi sai ta yi ƙara, ta nuna hoton kofin gahawa.

Masu motocin dakon kaya da na fasinja a Nijeriya suna da dalilin sha'awar wannan fasaha. Tsakanin Legas da Kano kimanin kilomita 1,000 ne, kuma tirela guda da ta kife cikin dare tana iya tafiya da ran direba da na yaron mota, da kayan mutane, da jarin shekaru.

Sai dai kuma don titunan Turai aka ƙera ta. Inda fentin layin titi ya goge, kyamara ba ta da abin kallo. Inda direba ke kauce wa ramuka, na'urar tana iya ɗaukar gwanintarsa a matsayin barci. Gargaɗin da ya cika yawa babu dalili kuwa, direba kan daina saurarensa, ko ma ya nemi bakanike ya tsinke masa waya.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne tsarin aikin kansa. A Turai akwai doka a bayan na'urar: hutun minti 45 bayan tuƙin awa 4 da rabi, kuma galibi awa 9 kawai a rana. Direban da ake biya gwargwadon yawan sawun da ya yi, wanda kuma yake tsoron 'yan fashi idan ya tsaya a daji, zai ji ƙarar ya ƙara taka totur. Saboda haka kafin mai mota ya kashe kuɗi kan na'urar, wajibi ne ya sanya lokacin hutu cikin lissafin kowane sawu, ya tanadi direba na biyu a doguwar tafiya, ya kuma daina zaftare kuɗin wanda ya makara saboda ya tsaya barci a tasha.