RA'AYI: Idan kana zargin maƙwabcinka da cin kuɗin tallafi, ka kai ƙara ko ka yi shiru?

Makon jiya bayan sallar isha'i wata yayata da ke zaune a Nima ta kira ni a waya, muryarta ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron kada bango ya ji. Ta ce, "Ƙanena, tambaya gare ni, amma kar ka ce ni na faɗa." Na ce, "Yaya, ina jin ki."

Wai akwai wani magidanci a layinsu wanda mahaifiyarsa ke cikin masu samun tallafin LEAP, kuma shi aka rubuta a matsayin mai karɓar mata. Tsohuwar ta rasu, an yi addu'ar arba'in, shekara ta zagayo, amma har yau in aka fara biya sai a gan shi a layi. Yana kuma da shagon kayan gyaran babura, an ce ya sha yin alfahari a majalisa cewa shi bai taɓa ba hukumar haraji ko sisi ba. Yaya ta ce, "In na yi shiru ina tsoron Allah, in na yi magana ni ce munafukar unguwa. To ya zan yi?"

Na san ba ita kaɗai ke da wannan tambaya ba. Daga Sabon Zango zuwa Mamobi, daga Aboabo zuwa Asawase, kusan kowa ya san wani da ake raɗe-raɗi a kansa. Shi ya sa na ga ya dace in kawo amsar da na ba ta fili. A ganina shiru ba ya halatta idan abin ya tabbata, amma tsakanin zargi da kai ƙara akwai matakai, kuma wanda ya tsallake su zai iya cutar da bawan Allah a banza.

Mu fara da sanin kuɗin waye ake magana a kai. An ƙaddamar da shirin LEAP a 2008, yana ƙarƙashin Ma'aikatar Jinsi, Yara da Kare Al'umma, kuma ana biya duk bayan wata biyu. An yi shi ne domin gidaje masu tsananin talauci da ke da tsoho mai shekara 65 zuwa sama wanda ba shi da mataimaki, ko mai naƙasa mai tsanani da ba ya iya aiki, ko marayu da yara marasa galihu, ko mai juna biyu da mai goyon jariri. Kasafin shirin yana da iyaka, ba kowane mabuƙaci ne ke samun shiga ba. Ke nan duk sunan mamaci da aka bari a rajista, gurbin wata tsohuwa mai rai ne aka toshe. Masu cewa "ai kuɗin gwamnati ne, ba na kowa ba" su tuna da wannan. Gwamnati ba ta kwana da yunwa, tsohuwar da ke jiran a sa sunanta ita ce ke kwana da ita.

To amma me Yaya ta gani da idonta? Ta ga mutum a layi, shi ke nan. Na tambaye ta, "Yaya, su waye kuma a gidan?" Ta yi jim, ta ce akwai 'ya'yan ƙanensa marigayi guda biyu da yake riƙo. Kun ga inda gizo ke saƙa. Tallafin LEAP gida ake ba, kuma adadinsa ya danganta da yawan waɗanda suka cancanta a gidan. Mai yiwuwa ne an cire sunan tsohuwar tuntuni, kuɗin marayun yake karɓa. Mai yiwuwa kuma bai sanar da kowa ba, yana ta lamushe kason mamaciya. Daga bakin ƙofarta Yaya ba ta da hanyar bambance waɗannan biyun.

Haka batun haraji. Ƙananan 'yan kasuwa da yawa suna biyan nasu ta hanyar sitam ɗin haraji na hukumar GRA, wasu suna biyan kuɗin lasisin shago ga majalisar gunduma, kuma ba kowane shago ne cinikinsa ya kai adadin da doka ta wajabta masa rajistar harajin VAT ba. Sannan mun san halin majalisa: mutum zai bugi ƙirji ya ce shi ba ya biyan kowa, alhali rasit na nan a aljihunsa. Cika baki a gindin bishiya ba hujja ba ce. Hausawa suka ce gani ya kori ji, addininmu kuma ya yi mana kashedi a kan yawan zato da bin diddigin sirrin mutane. Don haka matakin farko shi ne mutum ya zauna ya raba abin da ya sani da abin da aka gaya masa. Ban ce ki je ki leƙa wayarsa ko ki aiki yaro ya binciko miki takardunsa ba, wannan kuma wani laifin ne daban.

Mataki na biyu, mutum ya binciki zuciyarsa. Sau nawa ƙarar da ake kaiwa da sunan kishin ƙasa asalinta rigimar fili ce, ko kishi tsakanin matan gida, ko bashin da aka hana? In da jiya kuna shiri da shi ba za ka ce uffan ba, yau da kuka ɓata ne ka tuna da doka, to ka ji tsoron Allah, ramuwa kake nema. Ƙarar mai ramuwa takan zo da ƙari, ƙarin nan kuwa shi ke rusa gida.

Mataki na uku, nasiha. A samu mutumin a keɓe, ko a tura wanda yake jin nauyinsa, a ce masa, "Malam, ana magana a kanka. In sunan Hajiya na nan a rajista, je ka ofishin jin daɗin jama'a na gunduma ka sa a cire, ka tambayi yadda za ka mayar da abin da ka karɓa." In yana da gaskiya zai yi bayani, magana ta mutu, an wanke shi daga bakin mutane. In ba shi da ita, an ba shi damar gyarawa da ƙafarsa kafin a zo a same shi. Rufin asirin da Musulunci ya kwaɗaitar da mu ke nan: a rufa wa wanda ya yi kuskure ya tuba. Wanda ya mai da cin haƙƙin maraya sana'a duk wata biyu, yin shiru a kansa taya shi ci ne, kuma abokin ɓarawo ai ɓarawo ne.

In nasiha ta ƙi ci fa? Nan ne mutanenmu da yawa ba su san abin da dokar ƙasar nan ta tanada ba. Dokar Masu Fallasa ta 2006, wato Doka ta 720, ba ta ce dole sai wurin 'yan sanda za ka je ba. Cikin waɗanda ta yarda a kai wa bayani akwai hukumar CHRAJ, da Babban Mai Binciken Kuɗi, da ɗan majalisar gunduma, har da sarki, da babban dangi, da shugaban addini. Ana iya ba da bayanin da baki, wanda bai iya rubutu ba a rubuta masa. Dokar ta kuma hana a tsangwami wanda ya yi fallasa da kyakkyawar niyya. Wato hanyar da muka gada ta zuwa wurin sarkin zango ko liman, doka ma ta san da ita. Abin da ya rage shi ne su shugabannin su riƙe amanar, kada su karɓi magana su danne don mai laifin yana cikin masu ba masallaci gudummawa.

Na san abin da wasu za su ce. Na farko: mu 'yan tsiraru ne, Musulmi kusan kashi 20 cikin 100 ne a ƙidayar 2021, kuma da ma ana yi wa zango kallon hadarin kaji. Wasunmu sun sha tambayoyi a kan asalin kakanninsu wajen neman katin Ghana. Me ya sa za mu ba da sandar dukanmu? Na fahimci wannan tsoro, ni ma a zango na tashi. Amma a duba, wanne ya fi zubar mana da mutunci: a ce liman ya sa an gyara rajista cikin ruwan sanyi, ko a ce masu bincike sun zo sun tarar da sunayen matattu a unguwa, kowa ya sani kowa ya yi gum? Mu da ke neman a ƙara wa Asusun Raya Zango kuɗi, wanda aka kafa da doka a 2017, muna neman kwalbati da makaranta da asibiti, daga harajin nan ne za a yi su. Zakka haƙƙin Allah ce, tana da masu cin ta, ba ta sauke wa ɗan kasuwa haraji.

Na biyu: manya suna sata da buhu, sai a kama mai cokali? Gaskiya ne abin da ciwo. A farkon 2025 gwamnati da kanta ta sanar da sunaye fiye da 80,000 da ake zargin na bogi ne a rajistar masu hidimar ƙasa. Amma wannan dalili ne na a matsa wa manyan lamba, ba lasisi ba ne ga na ƙasa. Sunan bogi a ofis da sunan mamaciya a layin LEAP ciwo ɗaya ne, girmansu ne ya bambanta. Wanda ya kau da kai ga na layinsu, da wane baki zai zagi na ofis?

Sai dai in an kai ga kai ƙara, a kai ta da adalci. A faɗi abin da aka gani, da ranar da aka gani, a tsaya nan. Kada a yanke hukunci, aikin masu bincike ne. Kada a sa hoton mutum a Facebook ko a zuba sunansa a guruf ɗin WhatsApp na unguwa, domin in ta bayyana ba shi da laifi, babu mai iya kwashe ruwan da ya zube. A kuma tuna da marayun da ke gidan, a nemi a gyara rajista ba tare da an yanke musu nasu kason ba.

Da na gama, Yaya ta ce, "To ƙanena, batun shago na bar shi, tunda ji na yi. Na tsohuwar kuwa zan sa maigida ya same shi bayan sallar Juma'a." Na ce, "Yaya, in ya yi bayani ki wanke shi a wurin duk wanda kika taɓa yi wa maganar. In ya ƙi, ku tafi wurin liman tare."

Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya, Ya kuma tsare mu daga zaluntar bayinSa.