Daga Paris zuwa unguwar Zariya: diflomasiyyar da ta dace ɗaliban Kirista na Maraɗi su nema

A daren Asabar 15 ga watan Yunin 2019, wayewar garin Lahadi, wasu matasa suka cinna wa majami'ar Assemblées de Dieu da ke unguwar Zariya a birnin Maraɗi wuta, suka ƙone har da motar fasto. Abin da ya tunzura su shi ne kama limamin masallacin unguwar, bayan ya soki wani daftarin doka kan tsara harkokin ibada a Nijar. Babu hannun Kiristocin unguwar a rubuta dokar, babu hannunsu a kama malamin. Gab da sakinsa ranar Lahadi, malamin ya roƙi mabiyansa su daina tarzoma, ya kuma ce waɗanda suka fassara masa takardar daga Faransanci zuwa Hausa ne suka ɓatar da shi. Ranar Litinin majalisar dokoki ta amince da dokar.

Duk ɗalibin Kirista da ke karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ko a Jami'ar Maryam Abacha ya san wannan labari, kuma ba abin mamaki ba ne idan tambayar da ke zuwa masa ita ce: ina ƙasashen duniya suke, me ya hana su sa baki? Tambaya ce ta wanda aka cuta, ba a raina ta. A ƙidayar 2012 Kiristocin Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma wanda ba shi da yawa a gida dole idonsa ya riƙa kai wa waje. Sai dai tarihin shekarun nan ya nuna cewa sa bakin waje iri-iri ne, kuma irin wanda ya fi daɗin ji a kunne shi ne ya fi jawo wa Kiristan Maraɗi asara.

A duba abin da ya faru a 2015. Ranar 11 ga Janairu, Shugaba Mahamadou Issoufou ya shiga jerin gwanon Paris tare da sauran shugabanni bayan harin da aka kai wa jaridar Charlie Hebdo. A wajen masu harkar diflomasiyya, wannan jaje ne tsakanin ƙasa da ƙasa. Kwana uku bayan haka jaridar ta sake buga zanen da ya ɓata ran Musulmi. Ranar Juma'a 16 ga wata Damagaram ta kama da wuta, washegari Yamai ta bi. Mutum goma suka mutu, 'yan sanda kuma suka ƙirga majami'u 45 da aka ƙona a Yamai kaɗai. Jaridar da ta yi zanen ba ta Kiristoci ba ce, ta sha yi wa Fafaroma ba'a ma. Amma a idon mai zanga-zanga, coci da Faransa uwa ɗaya uba ɗaya ne, sai laifin babba ya faɗa kan wanda hannu ke iya kaiwa.

Wannan zato, cewa Kirista ɗan aiken Turawa ne, shi ne babban ciwon. Saboda haka duk lokacin da wata babbar ƙasa ta fito ta ce ita ce garkuwar Kiristoci, kamar yadda Shugaba Donald Trump ya yi a ƙarshen Oktoban 2025 da ya sake sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da Amurka ke zargi da tauye 'yancin addini, har ya yi barazanar ɗaukar matakin soja, zaton ƙara ƙarfi yake yi a unguwa. Kuma garkuwar ba ta da tabbas. Sojojin Faransa sun gama ficewa daga Nijar a Disambar 2023, ofishin jakadancinta ya rufe, sojojin Amurka sun bar Agadas a 2024. Mazauna Zariya kuwa, Musulmi da Kirista, suna nan a gidajensu, katanga ɗaya ta raba su.

Akwai wata diflomasiyyar da Maraɗi ta ɗanɗana a jikinta, wadda ta fi cancantar ɗalibi ya zauna ya yi nazarinta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi. An rufe iyaka a Ɗan Isa da Jibiya, Najeriya ta yanke wutar lantarki, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga can take zuwa. Garin da kasuwarsa ke numfashi ta hanyar Katsina da Kano ya shiga ƙunci, farashin abinci ya tashi, magani ya yi wuya. Takunkumin bai tambayi kowa addininsa ba.

Su wa suka fara buɗe ƙofa? Tawagar farko ta CEDEAO, ƙarƙashin Janar Abdulsalami Abubakar tare da Sarkin Musulmi, ta je Yamai a farkon Agusta ta dawo ba ta ga Janar Abdourahamane Tiani ba. Wanda ya gan shi ranar 9 ga Agusta shi ne Muhammadu Sanusi na Biyu, da rakiyar Sultan na Damagaram, sannan tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta biyo baya. Bishop-bishop na Katolika na Afirka ta Yamma su ma sun fito fili sun ƙi amincewa da batun tura soja. A Fabrairun 2024 kuma Janar Yakubu Gowon, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar a 1975, ya rubuta wa shugabannin yankin buɗaɗɗiyar wasiƙa yana roƙon a ɗage takunkumin. Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 24 ga wata, taron Abuja ya ɗage mafi yawansa, yana mai ambaton azumin Kiristoci da ake ciki da na Ramadan da ke tafe. Gowon dai Kirista ne, ɗan mai wa'azin coci, wanda ya tashi a Wusasa kusa da ɗaya Zariyar, ta Najeriya. Da ya buɗe baki, talakan Nijar gaba ɗaya ya roƙa wa sauƙi, shi ya sa babu wanda ya iya cewa ɓangarensa yake yi wa aiki.

Ba a ce wasiƙa ɗaya ce ta ɗage takunkumi ba. Sanarwar da Nijar da Mali da Burkina Faso suka yi ranar 28 ga Janairu cewa za su fice daga ƙungiyar ta tsorata Abuja fiye da kowace wasiƙa, kuma ficewar ta tabbata bayan shekara guda. Amma shugaban da yake son ja da baya yana buƙatar wanda zai ba shi hanyar yin haka ba tare da jin kunya ba, kuma wannan aikin dattawa da shugabannin addini suka yi shi.

Ɗalibi zai iya cewa shi ba janar ba ne, ba sarki ba. Gaskiya ne. Amma ƙungiyar Sant'Egidio, wadda ta shiga tsakani har gwamnatin Mozambik da 'yan tawayen Renamo suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Roma ranar 4 ga Oktoban 1992, wani ɗalibin sakandare mai suna Andrea Riccardi ne ya kafa ta da abokansa a 1968. Sun fara ne da koyar da 'ya'yan matalauta a bayan garin Roma. Kafin su zaunar da masu faɗa a teburi ɗaya, sun shafe shekaru suna kai wa Mozambik kayan agaji, har ɓangarorin biyu suka yarda da su.

Irin wannan jarin yarda Kiristocin Maraɗi suna da shi, ko da ba kasafai ake kiransa da sunan diflomasiyya ba. 'Yan mishan na SIM sun zauna a Tibirin Gobir tun ƙarshen shekarun 1920. Asibitin kutare na Danja, a yankin Jiratawa, yana aiki tun shekarun 1950, a 2012 kuma aka buɗe cibiyar kula da mata masu yoyon fitsari a wurin, kuma yawancin masu zuwa neman magani Musulmi ne. Dabarar barin kututture ya sake toho a gona, wadda ta dawo da itatuwa a miliyoyin kadada a Nijar, a nan yankin Maraɗi Tony Rinaudo na SIM ya fara yaɗa ta tare da manoma a shekarun 1980. Ɗalibin da ya fito daga wannan gida yana da abin da jakadan da aka turo na shekara uku ba shi da shi.

Yana kuma da harsuna biyu, wani lokaci uku. Takardar da aka fassara ba daidai ba ta taimaka wajen ƙona coci a unguwarsa. A Maris na 2025 sabon kundin da gwamnatin soja ta ƙaddamar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma dokoki da sanarwar taruka har yanzu a Faransanci ko Ingilishi suke fitowa, yayin da jama'a ke jin labarinsu ta saƙon murya a WhatsApp, bayan wani ya ƙara gishiri. Ƙungiyoyin nazarin Littafi Mai Tsarki na jami'o'i, idan suka haɗa kai da ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi suka riƙa fassara irin waɗannan takardu da sa hannun ɓangarorin biyu, za su yi aikin da babu ofishin jakadancin da zai iya yi. Fassara tana da fuska ta biyu kuma: majami'un Turai da Amurka suna sauraron 'yan'uwansu na Nijar, suna kai maganar ga 'yan majalisunsu. Abin da ɗalibi ko ɗan ci-rani ya faɗa musu yana da nauyi. Idan ya ba da labarin cocin da aka ƙona, ya kamata ya ba da na dubban 'yan gudun hijira Musulmi da 'yan bindiga suka koro daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa Gidan Rumji tun 2019, don na waje ya ga hoton gaba ɗaya.

Duk wannan bai sauke wa hukuma nauyinta ba. Kare majami'a aikin gwamna ne da jami'an tsaro, hukunta wanda ya cinna wuta aikin kotu ne, hana matasa ɗaukar ashana kuma aikin malamai ne tun daga kan mumbari. Ba adalci ba ne a ɗora wa mutanen da ba su kai kashi 1 cikin 100 ba nauyin zaman lafiyar gari.

Abubuwan da ke gaban Abuja da Yamai yanzu sanannu ne: tsaron iyakar da 'yan bindiga ke ketarawa da dare, hukumar haɗin gwiwar ƙasashen biyu da aka kafa tun 1971, da layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021. Ministan harkokin wajen Najeriya na lokacin, Yusuf Tuggar, ya je Yamai a Afrilun 2025 ya gana da takwaransa Bakary Yaou Sangaré, bayan watannin zargi da musayar kalamai. Ɗaliban Maraɗi, na coci da na masallaci, suna da haƙƙin tambayar ministocin biyu me aka cimma a wannan zama, da kuma ranar da jirgin zai iso.