Sharhi: Yadda tsuntsaye, katantanwa da ƙudan zuma ke tona asirin ɓurɓushin roba

A watan Agustan 2025 wakilan ƙasashen duniya suka tashi daga taron Janiba ba tare da cimma yarjejeniyar yaƙi da gurɓatar roba ba, kamar yadda suka tashi hannu rabbana a birnin Busan na Koriya ta Kudu a ƙarshen 2024. Taƙaddamar da ta fi fitowa fili ita ce ta taƙaita yawan robar da masana'antu ke ƙerawa. Sai dai akwai wata tambaya da kowace yarjejeniya za ta tarar tana jiranta: ta yaya za a san gurɓatar tana raguwa ko tana ƙaruwa?

Ledar da ta toshe magudanar ruwa ido na ganinta. Ɓurɓushin roba kuwa, wanda masana suka ƙayyade da duk gutsuren da bai kai milimita 5 ba, yawancinsa sai da madubin ƙara girma. Tun 2004, lokacin da Farfesa Richard Thompson na Jami'ar Plymouth da ke Ingila ya yayata sunan a wata maƙala, ake ɗebo ruwa da laka ana tacewa ana ƙirgawa. Matsalar ita ce bokitin ruwa labarin sa'ar da aka ɗebe shi kawai yake bayarwa. Igiyar ruwa ko ruwan sama na dare ɗaya na iya sauya lissafin. Halittar da ke rayuwa a wurin kuwa kullum tana ci tana sha, don haka cikinta ya zama tamkar kundin ajiya.

Misalin da ya fi daɗewa shi ne na wani tsuntsun teku mai suna fulma a Tekun Arewa na Turai. A kan ruwa kaɗai yake kiwo, kuma ba ya yawan amayar da abu mai tauri idan ya haɗiya. Tun shekarun 1980 masanin ƙasar Holan Jan van Franeker ke feɗe gawarwakin waɗanda ruwa ya turo gaɓa, ba tare da an kashe ko ɗaya ba. Daga bisani ƙasashen yarjejeniyar OSPAR suka mayar da aikin ma'auni na hukuma: burin shi ne tsuntsayen da ke ɗauke da robar da ta haura giram 0.1 a ciki su gaza kashi 10 cikin 100. Har yanzu kusan rabinsu sun haura wannan iyaka. Amma dogon tarihin awon ya nuna abin da bokitin ruwa ba zai nuna ba: ƙwayoyin ɗanyen roba na masana'antu sun ragu ƙwarai a cikin tsuntsayen idan aka kwatanta da shekarun 1980. A Bahar Rum, irin wannan aikin ake yi da kunkurun teku.

Ba a ruwa kaɗai abin ya tsaya ba. A ƙasar Ailan an sami zaren roba a jikin gansakuka, wadda ba ta da saiwa ta gaskiya, daga iska da ruwan sama take samun abincinta. A Denmak, binciken da aka wallafa a 2021 ya sami ɓurɓushin maƙale a jikin ƙudan zuma na birnin Kofanhegan da kewaye. Wani abin mamaki kuma ya fito daga gidan adana kayan tarihi na Naturalis da ke Holan, inda aka gano gutsattsarin roba a kwanson da tsutsar wani ƙwaron rafi ta gina wa kanta, kwanson da aka tsinta tun 1971, shekaru 33 kafin maƙalar Thompson.

Duk da haka, hanyar tana da rauninta. Ƙumba da kawa, waɗanda ke tace ruwa don samun abinci, an daɗe ana ɗaukarsu a matsayin ma'auni mafi dacewa, ganin Amurka na amfani da su wajen bibiyar gurɓatar sinadarai tun 1986. A 2019 tawagar Evan Ward ta Jami'ar Connecticut ta nuna cewa waɗannan halittu suna da zaɓi: suna tofar da manyan gutsattsari, suna kuma fitar da yawancin abin da suka haɗiya cikin ɗan lokaci. Ke nan ƙarancin roba a cikin kawa ba hujja ba ce ta tsabtar ruwa. Ga kuma zaren rigar mai binciken kansa da ka iya faɗawa cikin samfurin, a ƙirga shi a matsayin gurɓata. Ga bambancin hanyoyin awo da ke hana kwatanta sakamakon wannan ɗakin gwaji da na wancan.

Najeriya ma ba a bar ta a baya ba. A 2019 Emmanuel Akindele na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife da abokan aikinsa na Jamus sun wallafa binciken da ya sami ɓurɓushin roba a jikin katantanwar ruwa ta yankin Kogin Osun, binciken da suka bayyana a matsayin na farko irinsa a ruwan daɗi na Afirka ta Yamma. A 2020 wani binciken ya same shi a cikin kifayen tafkin Eleyele na Ibadan, tafkin da ke ba birnin ruwan sha, kifayen da kuma ake sayarwa a kasuwa.

Waɗannan ayyuka dai na lokaci guda ne, kamar hoto ɗaya. Ƙarfin aikin fulma ya zo ne daga maimaita awo iri ɗaya, a kan halitta ɗaya, shekara bayan shekara. Jihar Legas ta haramta mazubin abinci na soso a Janairun 2024, ta kuma fara tilasta haramcin wasu robobin amfani sau ɗaya a Yulin 2025. Ba za a iya tantance tasirin waɗannan dokoki a kan tafkin Legas ba sai da awon da aka fara da wuri aka kuma ɗore da shi. Cibiyoyin da za su iya ɗaukar nauyin suna nan: cibiyar binciken teku ta ƙasa a Legas, da ta binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa kusa da tafkin Kainji. Tarwaɗa da karfasa da katantanwa kuwa ana samunsu daga Kogin Neja zuwa fadamun Haɗeja da Nguru, a hannun masuntan da ke fita kamu kowace safiya.