Mudu Ba Hatsi Ba Ne

Jama'a, ana ta buga mana ganga wai mita mai kati ita ce maganin ciwon lantarkinmu. Ni ban ƙi mita ba. Duk wanda aka taɓa kawo wa takardar kuɗin wutar da bai sha ba ya san darajar awo. Amma mudu ba hatsi ba ne. Me za a auna in rumbu wayam yake?

An kafa NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013. Riga ake ta sakewa, jikin dai shi ne. A Oktoban 2024, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, na wajen Makurɗi kuma ya faɗi, Arewa ta fi mako cikin duhu. Wace mita ce ta ceci mai injin niƙa a Madadi, ko mai walda a Gwarzo da Kabo?

Ga rana tana gasa mana ƙeya, ga madatsar Challawa nan Ƙaraye. Jami'ar Bayero ta sami tashar hasken rana a 2019, Kumbotso ta sami mai megawat 10 a 2023. Ashe a ƙauye rana ba ta fitowa?

Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta, saboda haka Kano ba ta da sauran hanzari. A kafa ƙananan tashoshin rana a ƙauyuka, sa'an nan a kawo mita. 'Yan'uwa ɗalibai, in muka yi shiru, wa zai yi wa iyayenmu magana?