Kowa ya ɗebo da zafi, bakin wa?

Mu nan Kolorado Alhamdulillahi, sai sanyi da ya fara kankama, duwatsun yamma da mu tuni sun naɗa farin rawani.

Wasiƙar yau faɗa ce, kuma da mutanenmu zan yi shi, don haka wanda ya ji zafi ya yi haƙuri. Labari ya iso mini cewa wasu ƙannenmu da ke Teksas sun gama shiri, hutun ƙarshen Nuwamba za su ɗauki hayar jif su zo tsaunukan San Juan, wajen garuruwan Ouray da Telluride, su hau tsofaffin hanyoyin dutse a cikin dusar ƙanƙara "iya inda motar ta kai", su ɗauko hoto. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda na ji wasunku na gida suna ƙara musu gishiri, wai maza sun tashi, wai ai motar fowil ce, babu inda ba ta shiga. To jama'a, ku ba ni aron kunne.

Ku fara sanin wurin tukuna, domin na lura in an ce hanyar dutse, tunanin mutanenmu Hawan Kibo yake tafiya. Hawan Kibo kwalta ce, mota biyu suna giftawa, kuma duk da haka kun san rayukan da ya ci. Dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya, Chappal Waddi na jihar Taraba, mita 2,419 ne. Mashigar Black Bear da yaran nan suke ambato mita 3,910 ce, ta Imogene kuwa mita 3,997. Masu haƙar zinariya da azurfa ne suka sassaƙa akasarin waɗannan hanyoyi a jikin dutse tun ƙarshen ƙarni na 19, domin alfadarai da keken doki. Faɗinsu a wurare da yawa na mota ɗaya ne cif, bango a hannu ɗaya, rami mai zurfin ɗaruruwan mitoci a ɗaya hannun, babu ƙarfen kariya. Gangaren Black Bear zuwa Telluride, inda kwanoni suke lanƙwashe kamar igiyar guga a gefen ruwan Bridal Veil, saukowa kawai aka yarda a yi, domin babu wurin kaucewa. 'Yan watannin bazara ake bin su, daga wajen Yuli zuwa faɗuwar dusa ta farko. A Satumbar 2022, lokacin da hanya take a bushe, wata jif ta masu yawon buɗe ido ta faɗa daga hanyar Camp Bird kusa da Ouray, mutum uku suka mutu, har da direban, wanda kai baƙi can shi ne aikinsa. Wannan fa babu ƙanƙara ke nan.

Yanzu maganar fowil, wadda ita ce uwar ruɗin. Abin da fowil yake yi shi ne raba ƙarfin inji ga tayoyi huɗu maimakon biyu, don mota ta iya tashi ta ci gaba inda wata za ta tsaya tana tono. Iyakarsa ke nan. Birki kuwa, kowace mota a duniya, har tsohuwar tasi ta Sabon Gari, tayoyi huɗu take kamawa. Ashe wajen tsayawa, jif ɗin miliyoyi da akwalar mota duk ɗaya suke, abin da ke tsakanin roba da ƙasa shi ne mai hukunci. A busasshiyar kwalta, riƙon da taya take yi wa ƙasa yakan kai kusan kashi 70 cikin 100 na nauyin motar. A kan ƙanƙara mai santsi yakan faɗo zuwa wajen kashi 10. Shi ya sa littafin dokokin tuƙi na Ingila yake gargaɗin cewa tazarar tsayawa tana iya ninkawa har sau goma. Kuma ga lissafin da nake so ɗan makarantar cikinsu ya zauna ya yi da biro: in riƙon kashi 10 ne, to duk gangaren da ya wuce saukar mita 10 a cikin tafiyar mita 100, motar da aka ja wa birkin hannu aka kashe inji ma za ta iya sulalewa da kanta. Nauyi ba ya ceto, domin yadda yake ƙara danna taya ƙasa haka yake ƙara jan motar gangare. Hanyoyin nan kuwa suna da wurare birjik da suka fi haka tsayuwa. Na'urar ABS tana hana taya cijewa, amma ba ta ƙirƙiro riƙon da babu.

Mugun abin shi ne fowil yana yaudarar direba a hawa. Motar tana ta ci, yana ta jin daɗi, har ta kai shi inda ƙaramar mota da tuni ta ƙi, ta cece shi. Sai an zo juyowa, ko hanya ta toshe, sannan ya gane babu filin juyawa, dole ya sauko da baya a kan sawun da tayoyinsa suka daddanne ya zama gilashi. Ga kuma iska tana tara dusa a jikin bango, hanyar ta karkace zuwa wajen rami. Ruwan da ke tsattsafowa daga dutse ya narke da rana, ya daskare da yamma, sabuwar dusa ta lulluɓe shi, ido ba ya gani. A wannan tsawo iskar shaƙa ba ta kai kashi biyu cikin uku na ta bakin teku ba. Mutumin da ya kwana a Hustan jiya kansa zai yi ciwo, tunaninsa ya yi nauyi, daidai lokacin da yake bukatar hankalinsa duka. Rana kuma kafin ƙarfe 5 ta faɗi.

Wani a cikinku ya ce mini ai direbobin Agadas suna ratsa Tenere da Hilux da Land Cruiser, balle wannan. Ina girmama direbobin sahara ƙwarai, kuma gaskiya akwai dabarar da suka haɗu a kai da masu tuƙin dusa, wato rage iskar taya don ta baje ta hau saman abu mai laushi. Amma ku tambayi duk wanda ya bi su: ba sa shiga su kaɗai, sai ayari, da jarkokin ruwa, da shebur, da mutumin da ya san hanya tun yana yaro. Sannan yashi in ya ci mota riƙe ta yake yi, ka sauko ka tona ka sha shayi. Ƙanƙara a gefen tsauni sakin ta take yi.

Sai babbar hujjarsu, wadda na san za a jefo mini: kuɗinsu ne, ransu ne, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. A nan ne nake cewa ƙarya ne, kuma saboda wannan na zauna rubutun. A jihar nan, in mutum ya maƙale a daji, alhakin nemo shi yana kan shugaban 'yan sandan gunduma, amma waɗanda suke fita a zahiri 'yan sa-kai ne. Malaman makaranta, kafintoci, ma'aikatan jinya, ba albashi, yawancin kayan aikinsu ma da kuɗin aljihunsu suke saya. Kuma ba sa karɓar ko sisi daga wanda suka ceto, da gangan, don kada tsoron biyan kuɗi ya sa mutum ya ƙi neman taimako har dare ya yi masa. Akwai wata baiwar Allah a sashenmu da take cikin irin wannan ƙungiya, tana da 'ya'ya biyu ƙanana, jakarta kullum a ɗaure take a bayan mota. In an kira, ko ƙarfe biyun dare ne, tashi take. Ita da irinta ne za su taka da ƙafa, cikin duhu, su bi ta ƙarƙashin gangaren da dusa take zaftarewa, su je su ɗauko wanda ya je ɗaukar hoto. To zafin da aka ɗebo, a bakin wa ya ƙare?

Kada ku ɗauki zaftarewar dusa wasa. Tun daga 1950 babu jihar Amurka da ta kai Kolorado yawan waɗanda ta kashe. A hunturun 2020 zuwa 2021 kaɗai mutum 12 ta ci a nan, 37 a faɗin ƙasar. Akasari daga gangare mai karkatar digiri 30 zuwa 45 take ɓallowa, irin wanda hanyoyin nan suke ratsawa ta ƙarƙashinsa. Babbar hanya mai lamba 550, wadda ta haɗa Ouray da Silverton, kwalta ce, gwamnati tana share ta duk hunturu, amma a wuri ɗaya da ake kira East Riverside dusa ta binne wani limamin coci da 'ya'yansa mata biyu a 1963, sannan ta kashe direbobin motar share hanya a 1970 da 1978 da 1992. Akwai dutsen tunawa da su a gefen hanyar. Mutanen da suka san tsaunin kamar tafin hannunsu ke nan, a bakin aikinsu na halal, don wasu su wuce lafiya. Hanyar da ba mai share ta, ba mai duba ta, sai ku ƙiyasta.

Ko ba a faɗa rami ba, maƙalewa kaɗai ta isa. Waɗanda suka daɗe a ƙasar nan za su tuna James Kim, ɗan jaridar fasaha na San Faransisko. A ƙarshen Nuwamban 2006 shi da matarsa da 'ya'yansu biyu suka bi wata hanyar daji a tsaunukan Oregon, cikin mota mai jan ƙafa huɗu, dusa ta tare su. Suka ƙona mai, suka ƙona tayoyi don ɗumi. Bayan kusan mako guda ya fita neman taimako da ƙafa. An ceto matar da yaran, shi kuwa gawarsa aka samu, sanyi ya kashe shi. Shi ɓatan hanya ya yi, Allah ya sani. Namu kuwa da idonsu biyu suke neman irin wannan hanya, a irin wannan wata.

Akwai kuma kason da zai faɗo kanmu, mu 'yan uwansu. Ceton rai kyauta ne, amma ciro mota daga tsauni ba kyauta ba ne, jirgin asibiti mai saukar ungulu ba kyauta ba ne, gadon asibitin Amurka kuwa kun sha jin labarinsa. Takardar hayar mota ta manyan kamfanoni, in suka daure suka karanta ƙananan rubutun, za su ga ta hana sauka daga hanyar da aka gyara, kuma wanda ya saɓa inshorar da ya saya a wurinsu ta tashi. In abin ya zama na rasuwa, Allah ya kiyaye, mu ɗin nan 'yan tsiraru ne za mu bi gida-gida da karo-karo, ɗalibi ya cire daga kuɗin haya, mai tasi ya cire daga na mai, a yi jana'iza ko a kai gawa gida. Sannan a rasa wanda zai iya ɗaga waya ya gaya wa mahaifiya.

Masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, na ji. Amma ban taɓa ganin ɗayanku ya sa hannu a ramin maciji don ajali a rubuce yake ba. Malamanmu sun rarrabe tawakkali da ganganci tun muna allo.

Don kada a ce na yi kuɗin goro: akwai masu tuƙin dusa da ba ni da faɗa da su. 'Yan ƙasar nan suna da ƙungiyoyi da suke fita motoci biyar ko shida tare, a hanyoyin kurmi na ƙasa-ƙasa inda in ka zame bishiya ko kwata za ta tare ka, da sarƙar taya, da injin jan mota, da rediyo, da bargo da abincin kwana, kuma sun bar wa wani labarin inda suka nufa. A Aisland ma suna hawa filayen ƙanƙara da jif masu tayoyin inci 38 zuwa 44, sana'a ce mai ƙa'ida. Abin lura shi ne, su waɗannan ƙwararrun su ne na farkon gaya maka cewa hanyar gefen rami in ta yi dusa an gama da ita sai baɗi. Baƙo mai motar haya da tayar bazara, wanda bai taɓa ɗaura sarƙa ba, shi ne yake ganin zai iya. Ita jihar ma tun 2019 ta tsaurara doka a kan babbar hanyar I-70 ta cikin tsaunuka, daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Mayu, sai da taya mai isasshen zane ko sarƙa a mota, alhali hanya ce mai layi-layi da ake sharewa dare da rana.

Ni dai ga abin da na gaya wa babbansu ta waya, kuma ina maimaitawa a gaban kowa. Ƙofata a buɗe take, su zo Nuwamban, akwai tuwo, akwai shimfiɗa. In hanya ta yi kyau mu bi kwalta har Telluride, tafiyar awa 6 zuwa 7 daga Denba, su hau keken igiya da ke tashi daga garin zuwa saman dutse, kyauta ne, su ɗauki hoton dusa har katin ya cika. In kuwa hanyar dutsen suke so lallai, su jira Agusta, su biya direban gari ya kai su. Amma ba zan ba su aron ko shebur ba don wannan tafiya.

Yaya, ke suke jin nauyi fiye da kowa, don Allah ki kira su kafin su biya kuɗin motar. A gaida Hajiya da su Baba, a shafa mini kan yara.

Wassalam,
naku a Kolorado.